Injin da Baffa Ya Ɗauke

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya aikin asibiti? Umma tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Na je kotun gado kan dukiyar Baba kamar yadda kika ce. Abubuwa sun canza, ba yadda aka yi lokacin rasuwar Kaka ba ne. Na karanta sanarwar da ke manne a ofishin magatakarda, na kuma tambaye shi don kada in fahimta a karkace. A da kuɗin buɗe shari'a ɗaya ne ga kowa. Yanzu kashi biyu cikin ɗari ne na darajar abin da mamaci ya bari. Ba sa ɗaukar abin da iyali suka faɗa da baki, mai ƙiyasi suke turowa ya gani da idonsa. An kuma hana masu rubuta takarda na bakin ƙofa shigar wa mutane ƙara. Dole ɗaya daga cikin magada ya sa hannu, ya rantse bai rage komai ba. Ke kina nesa, Umma ba ta karatu, rantsuwar ta faɗo kaina.

Ga abin da ya dame ni. Babban injin goge katako ba ya shagon Baba. Mai walda na kusa da mu ya ce Baffa ne ya zo da mota da ƙarti suka kwance shi. Kin san hayar da kafintocin layin ke biya a kansa ita ce cefanen Umma. Bai gaya wa kowa ba. Na rubuta masa da ladabi, ban zarge shi da komai ba.

Ki gaida yara. Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga 'yata mai digiri,

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Takardarki ta iso, har da sakin layi kamar ta gwamnati. Saura hatimi.

Injin yana wurina, na lulluɓe shi da tamfol, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Ke yarinya ce. Tun kafin a haife ki haka muke yi: in kotu za ta shigo, a kau da abu mai nauyi, in ta fita a mayar. Yanzu ma da suka koma lissafi da kashi, ai kau da shi ya zama wajibi. Injin nan ya fi duk abin da ke shagon tsada. So kike a ƙiyasta shi, uwarki ta sayar da 'yan kunnenta ta biya?

Ki rubuta benci da zarto da guduma. Rantsuwar kotu ai ta aiki ce, kowa ya san haka. Ƙanina ne ya rasu, ba baƙo ba. Ni ba zan ci ku ba.

Allah ya yi miki albarka, ya rage miki tsoro.
Baffanki

Auta,

Salam. Muna lafiya, a tsaye nake rubutu, majinyata na jira. Na karanta takardar Baffa da kika turo mini.

Lokacin Kaka ma an kau da abu mai nauyi. Babur ɗinsa ne. Ki leƙa ki ga wa ke hawansa yau. Ban ce Baffa ɓarawo ne ba, na ce shi dai ajiyarsa ba ta san hanyar gida ba.

Ki bincika mini abu biyu. Abin da ba a rubuta ba, ana iya ƙara shi daga baya? Kuma injin da ke ƙarƙashin tamfol, me ya sa matar mai walda ta ce mini a waya kafintoci sun koma bin layin shagon Baffa da katako a ka?

Amma ki bi a hankali. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Umma, ni da ke kuwa wata rana ba ma nan. Ke za ki rantse, ba zan zaɓa miki ba.

Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin samu hutu ko kaɗan.

Amsar tambayarki ta farko: in an rufe lissafi, abin da ba ya ciki ba ya cikin gado. Sai an buɗe sabuwar ƙara, da tara, kuma wanda ya rantse shi za a fara tuhuma. Ta biyu: na bi ta ƙofar shagon Baffa da hantsi. Ban shiga ba, ban ga komai ba. Na dai ji ƙarar injin, wadda na tashi da ita tun ina rarrafe.

Mai ƙiyasi ya zo. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Baffa ya riga shi isowa, ya sa an jawo benci an ɗora a gurbin injin. Mutumin ya zagaya, ya tura bencin da gwiwa, ya tsaya yana kallon ramukan noti a siminti da igiyar wuta mai kauri da ke reto daga bango.

Ya ce, "Wannan wayar ta mece ce?"

Baffa ya ce, "Ta fanka ce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To wannan fanka in ta tashi ai sai ta tafi da rufin." Ya juyo gare ni. "'Yata, ke ce mai rantsuwa. Akwai abin da ban gani ba?"

Baffa yana murmushi yana kallon ƙasa. Na ce akwai injin goge katako, na faɗi ƙirarsa da inda yake. Ya rubuta. Baffa ya karkaɗe hularsa ya ce mini, "Sannu, alƙaliya," ya fita.

Jiya magatakarda ya kira ni. Baffa ya shigar da da'awa: wai rabin injin nasa ne, tare suka saya da Baba. Ba shi da rasit, mu ma ba mu da shi. Ya ce Umma tana wurin lokacin da ya miƙa kuɗin, ita ce shaidarsa. Idan gaskiya ne, na zarge shi a kan kayansa, kuma za a sayar a raba. Idan ƙarya ne, me ya ba shi ƙarfin halin kiran sunanta? Kin taɓa jin wannan magana a gida? Ni ban taɓa ji ba. An sa ranar zama.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Salam. Na samu saƙonki cewa ke ma ba ki taɓa ji ba.

Na tambayi Umma tana ninke wanki. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce, "Auta, a sabon tsarin nan, har tsofaffi ake rantsarwa kafin su yi magana?" Na ce kowa da kowa. Ta gama ninke zanen da ke hannunta, ta warware shi, ta sake ninkewa. Sannan ta ce in je in tambaya ko ana iya ɗaga ranar.

Gobe zan je. Ki huta lafiya.
Auta