Kwana Bakwai Suka Rage wa Layina a Tasha

Zuwa ga Mai girma Shugaban Sindikan Direbobi, Madarumfa
Daga Sa'idu Maman, direban layin Madarumfa zuwa Gabi
Litinin, 18 ga Maris, 2024

Game da: ƙonewar moter ɗina, wato injin motata, bayan aikin Bala makaniki, da roƙon a riƙe mini layina

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya. Shekarata talatin da ɗaya a tashar nan ban taɓa kawo ƙarar kowa ba. Yau na kawo. Dokar sindika ta ce motar da ta yi kwana arba'in ba ta yi lodi ba, a ba wani layinta. Tawa za ta cika arba'in ranar 25 ga wata.

1. Ranar 8 ga Janairu Bala makaniki ya ɗora wa motata turbo, abin tura iska cikin moter, ya ce za ta ƙara ƙarfi a cikin rairayi. Bai canja pompon esansi ba, wato famfon mai. Bai canja anjekter masu fesa man cikin moter ba. Bai ce mini ana canjawa ba.

2. Tun ran nan, in tana tsaye lafiya lau. In na yi lodi na taka, da turbo ya fara fito sai ta shaƙe, moter ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Na ciro buji, wato fulogi, na gan su fari fat kamar toka.

3. Na koma wurinsa ranar 22 ga Janairu da ranar 5 ga Fabrairu. Duk biyun a tsaye ya gwada ta, ba fasinja, ba buhu ko ɗaya. Na roƙe shi ya hau mu je hanyar Gabi da kaya ya ji da kunnensa. Ya ƙi. Ya ce laifin esansin kwalba ne. Na koma sha a gidan mai. Ba abin da ya sake.

4. Ranar 12 ga Fabrairu ya sa mata na'urar gwaji, ya dube ni gaban mutane ya faɗi magana da Faransanci. Kalma guda na kama, pobur. Aji biyu na yi a lakkol, amma na san pobur matalauci ne. Na ɗauka gori yake yi mini. Na shiga motata na tafi. Bai biyo ni ba.

5. Ranar Laraba 14 ga Fabrairu piston ya ƙone kafin Gabi, da mutum tara a ciki. Amalanken jaki ya kwashe kayansu. Ina tsaye ina kallo.

6. Daga baya 'yata Samira, malamar lakkol, ta fassara mini. Wai ba da ni yake ba. Wai iskar da turbo ke turawa ta fi esansin da ke shiga yawa, moter na aiki da yunwa, shi ake kira pobur. Fushin nawa ne, na amsa laifina. Amma Bala Bahaushe ne, ni Bahaushe ne. Da ya ce mini Baba, motar na jin yunwa, kada ka yi lodi, da na ajiye ta.

Yanzu moter na kwance a garejinsa. Ya ce kayan gyaran sai daga Katsina, bai san ranar zuwansu ba. Ni ban san abin da zan yi ba. Ba ni da wata sana'a, kuma shekaruna sun wuce in fara bin layi daga baya.

Don haka ina roƙon Mai girma Shugaba abu biyu. A kira Bala gaban sindika ya yanka ranar gama aiki, da pompo da anjekter da suka dace. A kuma ƙara mini wata guda kafin a ba wani layina.

In doka ba ta yarda ba, ba zan yi gardama ba. Sai dai a aiko mini tukuna, in zo in goge sunana daga allon tasha da hannuna.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamani.

Naka mai biyayya,
Sa'idu Maman