Shi ya faɗi gaskiya, ni na fassara ƙarya

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Na san akwai waɗanda za su zage ni, ba zan hana su ba, amma ina roƙo ku kai ƙarshe tukuna, domin zagin da nake yi wa kaina ya fi duk wanda za ku yi min.

Ni ɗan Kano ne, shekarata ta uku ke nan a Dubai. Ba kasuwanci ya kawo ni ba kamar yawancin mutanenmu. Ina aiki ne a wani gida a Abu Hail inda ake kula da manya masu ciwon ƙwaƙwalwa, waɗanda asibiti ya sallama amma ba za su iya zama su kaɗai ba. Aikinmu mu ba su magani a kan lokaci, mu taya su wanka, mu fita da su su sha iska, mu koya musu ɗan wanki da dafa shayi don su saba da riƙe kansu. A takarda ke nan. A takarda ma'aikata huɗu ne ke tare da maza tara a kowane lokaci. A zahiri mu biyu ne, wata rana ma ni kaɗai daga safe har la'asar.

Cikin mutanen akwai wani da zan kira Issa, ko da yake ba sunansa ba ne. Mutumin Maradi ne, ya kai shekara arba'in. Dako yake yi a wani sito a Dubai Investments Park kafin ciwon ya same shi, ya fara jin muryoyi suna yi masa magana. Yayansa, Alhaji, mai ofishin kago ne, wato jigilar kaya, a Al Khabaisi, shi ya kawo shi. Issa ba ya jin komai sai Hausa da Faransanci, Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba. Ranar da Alhaji ya ji na yi masa sannu da Hausa, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe akwai namu a nan. Ga ƙanena nan, amana ne a wurinka." Na ce masa kada ya damu.

Issa ba ya faɗa da kowa. In muryoyin suka taso masa, tafiya kawai yake yi, ya je bakin ƙofar gida ya dawo, ya je ya dawo, har su lafa. To sakatar ƙofar ta daɗe da lalacewa, mun faɗa mun gaji. Wata rana da hantsi ina yi wa wani dattijo wanka, Issa ya tura ƙofar ya fita, sai a gaban wani masallaci aka same shi yana zaune. Me kuke tsammanin manajanmu ya yi? Ya gyara sakata? Ya ƙaro ma'aikaci? A'a. Cewa ya yi daga yau a kulle Issa a ɗaki bayan karin kumallo, sai la'asar a buɗe. Ɗakin da na'urar sanyaya shi take aiki rabi da rabi, a zafin garin nan da kuka sani. Mutumin da tafiya ce maganinsa! Da ya dinga bugun ƙofa, abokin aikina ya yagi zanin gado ya ɗaure masa hannu a jikin ƙarfen gadon. Ni na shiga na kwance shi, na ga yadda wuyan hannun ya ɗaye.

Sau uku ina zuwa wurin manaja. Na farko ya ce, "Shwaiya shwaiya, habibi, a bi a hankali, za a gyara." Na biyu ya ce wai na fiye tausayi, aikin nan ba na masu tausayi ba ne. Na uku bai ko ɗago kai ba ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. In aikin bai yi maka ba, kullum akwai jirgin Najeriya." Kuma kun san bizata a hannun kamfanin take. Daga nan ban sake komawa wurinsa ba.

Har nan da sauƙi. Ga inda na yi abin da ya hana ni sukuni.

Wata uku da suka wuce masu bincike daga hukuma suka zo duba gidan, mace da namiji. Ban san yadda aka yi ba, manaja ya san da zuwansu tun ana gobe. Aka aro ma'aikata biyu daga wani gidan kamfanin, aka manna jadawalin motsa jiki a bango, aka jera lemo da ayaba a tebur, sakatar da ta yi wata da watanni a lalace kuwa aka gyara ta cikin rabin awa. Matar tana da kirki, ta ce tana so ta ji daga bakin mazauna gidan da kansu. Da aka zo kan Issa, wa zai fassara? Ni. Muka zauna mu uku, manaja ya jingina da bakin ƙofa yana danna waya kamar ba ya saurare.

Ta ce in tambaye shi yadda yake jin zaman gidan. Issa ya gyara zama, ya yi magana a natse, wallahi ban taɓa jin ya tsara magana haka ba. Ya ce, "Ka ce mata suna kulle ni. Ka ce mata ɗakin da zafi. Ka ce mata an ɗaure ni sau biyu, ga wurin." Ya miƙa hannun. Na kalli matar, na kalli manaja, na ji bakina yana cewa da Turanci wai Issa ya ce yana kewar gida, amma ana kula da shi, abinci ma yana da daɗi. Ta nuna tabon ta ce wannan fa? Na ce susa yake yi in ciwon ya motsa. Ta rubuta. Issa ya juyo ya ce, "Ka faɗa mata?" Na ce, "Na faɗa." Ya yi murmushi ya ce, "Merci, ɗan Kano. Allah ya biya ka."

Kwana da kwanaki yana tambayata yaushe matar za ta dawo. Aka ci gaba da kulle shi. Daga baya ya daina tambaya.

Da Alhaji ya zo ziyara, Issa ya kwashe komai ya faɗa masa. Alhaji ya kira ni gefe, wajen motarsa, ya ce, "Tsakaninka da Allah, abin da yaron nan yake faɗa gaskiya ne?" Ga dama ta biyu Allah ya ba ni, babu manaja, babu kowa, Hausa muke yi. Amma in na ce gaskiya ne, tambaya ta gaba ita ce me ya sa ban faɗa wa masu bincike ba. Sai na ce, "Alhaji, ka san yadda ciwon nan yake. Wani lokaci suna ganin abin da babu." Ya yi ajiyar zuciya ya ce dama ya yi zaton haka. Ya je ya sami likitan da ke zuwa duba su, ya ce ƙanensa ya fara cewa ana ɗaure shi. Likita ya rubuta cewa ciwon ya ƙaru, ya ƙara masa magani.

Yanzu Issa ba ya tafiya. Yana zaune inda ka ajiye shi, yawu na zuba, hannunsa na karkarwa, kofin shayi ma sai na riƙe masa. An daina kulle ɗakin, don babu bukata. Manaja har yaba min ya yi wai Issa ya natsu.

Haushi nake ji, wallahi haushin kowa nake ji. Haushin kamfanin da ke karɓar mutum tara ya ba su ma'aikaci ɗaya. Haushin masu binciken, me ya hana su zuwa da nasu tafinta, ko su ce manaja ya ba mu wuri? Ta yaya za ka tambayi wanda ake zalunta ta bakin ma'aikacin gidan? Haushin Alhaji, da yake zuwa sau ɗaya a sati biyu, waya a kunne yana maganar kwantena, bai taɓa cewa a nuna masa ɗakin da ƙanensa ke kwana ba. Na faɗa wa wani abokina a Deira, ya ce, "Kai dai ka riƙe aikinka, uwarku ɗaya da shi?" Shi ma na ji haushinsa. Amma duk in na gama zagayen sai in dawo wuri ɗaya: su duka ba su ji abin da Issa ya faɗa ba. Ni na ji.

Na san akwai hukumar da ake kai ƙara. Amma in na kai, dole in ce ni na yi ƙarya a gaban jami'ai, ban san me hakan zai jawo min a ƙasar mutane ba, ga mata da 'ya'ya biyu a gida sun dogara da ni. In kuma aka rufe gidan, ina sauran takwas ɗin za su? Akwai waɗanda ban taɓa ganin wani ya zo duba su ba. In na faɗa wa Alhaji shi kaɗai, zai ɗauke ƙanensa, ya yi rigima, manaja ya gane bakin wa maganar ta fito, sauran kuma su ci gaba da zama a haka.

Shekaranjiya da rana ina ba Issa abinci a baki, sai ya tsaya da taunawa. Maganarsa yanzu a hankali take fita, sai ka kasa kunne. Ya ce, "Ɗan Kano, ƙila fa ba a ɗaure ni ba. Kowa ya ce ba a yi ba. Ƙila kaina ne." Yana kallona yana jira in tabbatar masa. Na ajiye cokalin na shiga banɗaki.

Ranar Asabar Alhaji zai tafi Maradi, sai bayan wata biyu zai dawo, ya ce zai biyo ya yi mana sallama ranar Juma'a. 'Yan'uwa, ku faɗa min ba tare da ɓoye-ɓoye ba. In tare shi a bakin mota in faɗa masa? In wuce shi in tafi hukuma, duk abin da zai same ni ya same ni? Kwana uku suka rage min. Me zan yi?