Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, da addu'ar Allah Ya kai haske makwancinki, ina rubuto miki ne daga barandar asibiti a Funtuwa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma duk duniya ba ni da wanda zan amayar wa sai ke. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Inna, mijinki ne ba lafiya. Ɗan farina nake nufi, wanda kika ɗauke ranar da na yaye shi, kika ce kin yi sabon miji, kika riƙe shi har Allah Ya karɓi ranki. Bana shekararsa sha shida. Yana kwance a ciki, kai naɗe da bandeji, bai san wanda ke kansa ba.

Kin san tun yana ɗan mitsitsi ba shi da zance sai mota. Ke kike ɓare masa karan dawa yana ƙera lori. Da ya dawo hannunmu a Maska, sai ya liƙe wa kawunsa Mamman kamar kaska. Autan naki kuwa kin san shi da rawar kai. Yanzu shi ke tuƙa a-kori-kurar wani Bayarabe mai kanti, kuma duk ranar da ya biyo ta gida sai ya ɗora yaron a kan sitiyari. Na so in hana. To da wane baki? Uwa ta tsaya tana ja-in-ja a kan ɗan fari? Ai sai a ce Hajara ba ta da ta-ido. Na haɗiye.

Ranar da tsautsayin zai faɗa, da hantsi, muna sheƙar dawa a masussukar bayan gari. An gama girbi, gonaki sun zama fili, shi ya sa Mamman ya kawo motar nan suna ta zagaye. Shanun Fulani na gefe suna cin kara. Mata suka sa ni gaba da tsokana, wai ɗana ya zama direba, zai kai ni Zariya. Na ce ɗan Inna dai, ni ina ruwana. Na juya wa motar baya, amma wallahi kunnena gaba ɗaya yana can.

Da kunnen kuwa na ji. Mamman ya kwatsa ihu a taka birki, sai injin ya ƙara ruri maimakon ya lafa. Ashe maraƙi ne ya gitta, yaro ya ruɗe, ƙafarsa ta danne totur. Ina waigawa na ga motar ta nufi ƙafaffen kududdufin nan da ake ɗibar ƙasar gini. Ta hau gaɓa, ta sunkuya, ta kife. Tayoyinta na sama suna ta juyawa.

Inna, kowa ya ruga sai ni. Mata suka watsar da ƙorai, makiyayi ya yar da sandarsa, ni kuwa ina tsaye da faifai a hannu. Ke kika koya mini ba a kallon ɗan fari a gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a yi masa kuka. Na riƙe karatun da kyau, har lokacin da ake janyo shi ta tagar mota jini na fita ta kunnensa.

Ban san sanda faifan ya faɗi ba. Mamman ya fito da karyayyen hannu yana salati. Aka ciro ƙyauren wani ɗaki aka ɗauki yaron zuwa bakin titi, Allah Ya kawo lorin auduga, aka shimfiɗe shi a kan buhuna. Ubansa ya tafi cin kasuwa Malumfashi. Wata tsohuwa ta riƙe mini zane, ta ce in koma gida, ba ni ce ya kamata in bi ba. Na fizge na hau.

Wayyo hanyar nan! Duk ramin da lorin ya faɗa sai wuyansa ya langaɓe, ni kuma in kai yatsa hancinsa in ji ko da sauran numfashi. Rabona da taɓa fuskarsa tun yana shan nono. Ashe har gashin baki ya fara tsiro masa.

Malamin asibitin ɗan kudu ne, amma haifaffen Funtuwa, ya ji Hausa kamar jakin Kano. Ya ɗinke kan, sannan ya tambaye ni sunan yaro. Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ya ce ashe ba ni ce uwarsa ba? Mamman ne ya amsa. Malamin ya ce su sun yi nasu, saura na Allah, amma a riƙa kiran sunansa a kunne da muryar da ya sani, ko zai biyo ta ya dawo.

Muryar da ya sani! Ubansa ya iso, amma shi ma "kai" yake ce masa, kuma daga bakin ƙofa ya tsaya. Mamman ya gwada, kuka ya ci ƙarfinsa. Mai kiran sunan nan safe da yamma, tana ja kamar waƙa, ke ce, ga shi ƙasa ta rufe ki.

Jiya da la'asar ɗakin ya rage daga ni sai shi. Na durƙusa kusa da kunnensa, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Har waigawa na yi ko wani na ji, ki ji sakarci! Da farko iska kawai ta fito. Na sake, na ja sunan yadda kike ja. Fatar idonsa ta motsa. Ya buɗe ido, ya dubi rufin ɗaki, ya ce a hankali, "Inna, kin dawo?" Sai ya mayar ya rufe.

Malamin asibiti ya yi murna, ya ce alama ce mai kyau. Ni kuwa ban yi murna ba. Ke da bakinki kike cewa in majinyaci ya fara kiran waɗanda suka riga mu, a yi ta addu'a kawai. Shin muryata ce ta yi kama da taki, ko ke ɗin ya gani tsaye a kansa? Astagfirullah, na san rai a hannun Allah yake. Amma tsoro nake ji, Inna. In ke ce, don girman Allah ki juya masa baya yadda na yi shekara da shekaru. Ke kin riƙe shi kin more. Ni ko farawa ban yi ba.

Yau tun safe nake ta kira, a gaban ubansa, a gaban masu jinya, har wata ta riƙe baki. Ta yi ta riƙewa. Ya motsa yatsu, amma bai sake magana ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya tashi kafaɗar yaron nan, Ya nuna mini ranar da zan kira ya amsa, ya kuma san ni ce. Amin.

Ni ce 'yarki,
Hajara, uwar Sulaimanu.