Sunan da Lasifika Ba Ta Kira Ba

Unguwar Faisal, Alƙahira.

Zuwa ga 'yata Humaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Harun. Allah ya sauke ki lafiya, ya raba ku da abin da ke cikinki salin-alin. Mu ma nan lafiya lau, sai gwiwata da ke ƙorafi kan matakalar gidan nan.

Maganar da kika yi mini a waya ce ta sa na ɗauki biro, don a waya kuka kan riga ni magana. Kin ce Malam Harun ya bar miki zaɓin suna, kuma in namiji ne ba za ki sa masa sunan babanki Abdurrahim ba, wai me za ki gaya wa yaro game da kakan da aka tura Masar karatu ya ɓige da wasan keke. Ban ga laifinki ba. A hannun Inna kika tashi bayan rasuwar mahaifiyarki, kina jin dangi na kiransa Ɗan Keke, shi kuma zuwansa gida sai jefi-jefi. Amma ni ƙanwarsa ce, ni na wanke masa kayan gasa shekara da shekaru, don haka ki saurare ni.

Sana'a ce, Humaira, da ita ya ci ya ciyar. Gasa ce mai hawa uku: a yi iyo a teku, a fito a haye keke, a sauka a kama gudu, ba hutu tsakani. Mutumin da ya koyi iyo a kududdufin bayan gidanmu, yana shan bulalar Baba, shi ne ya riƙa fitowa daga tekun Iskandariyya cikin sahun farko. Ya je Maroko, ya je Kenya. Sau da yawa na huɗu yake zuwa, mutum uku kuwa ake hawarwa dandamali, sai ya dawo yana dariya wai an ajiye shi gadin takalman zakaru. Har aske gashin ƙafa yake yi don iska, ni kuwa in ce amarya ta fito. Lambar da ake rubuta masa a damtse da baƙin tawada ba ta fita da wuri, haka yake tafiya da ita masallacin Juma'a a ƙarƙashin jallabiya.

Yana tsakiyar ƙarfinsa ya haɗu da Isam a wani shagon kekuna a unguwar Ma'adi. Isam makaho ne, yana son gasar, ya rasa wanda zai ja shi. Babanki ya ajiye nasa tseren ya zama idonsa. A ruwa, igiya ake ɗaura musu a cinya. A hanya, keke mai sirdi biyu suke hawa, babanki a gaba. A gudu kuma igiyar tana kugunsu, yana faɗa masa ga kwana, ga rami, ɗaga ƙafa. In sun iso ƙarshe, dole ɗan jagora ya ja baya, makahon ya fara tsallake layi. Na tsaya a rana na ga wannan da idona, na ji lasifika tana kiran Isam, jama'a na tafi, babanki na tsugune yana kwance igiya. Na taɓa yi masa faɗa, ya ce ma'alish, wato ba komai, ai wanda aka ɗaura masa ya isa lafiya.

Jiya Isam ya hawo benenmu, matarsa Amani na riƙe da hannunsa, ya kawo mini igiyar da na sa miki cikin wannan ambulan. Ya ce tun ranar da ciwon zuciya ya ɗauke babanki bai ƙara shiga ruwa ba. Ya ce kuma duk sanda ƙafarsa ta gaza a gudu, babanki kan ce yalla, mu ƙarasa, Humaira na jira. Bai taɓa jin muryarki ba, amma ya ce da sunanki ya gama kowace gasa.

Ba na ce bai yi miki nisa ba. Ya yi, kuma ya san ya yi, abin ya ci shi har ya koma ga Allah. Zaɓi naki ne, kowane suna kika sa zan yi rawa da gwiwar nan tawa. Sai dai ina kewar yayana, kuma na gaji da tsayawa cikin taro ana kiran sunan kowa ban da nasa. Ina so ranar suna, in liman ya ɗaga murya a ƙofar gida, sau ɗaya dai a kira Abdurrahim jama'a su ce amin.

Ki gaishe mini da Inna, da Kawu Bukar, da ƙanwar mijinki Nana Fatima. Igiyar kuwa kada ki wanke ta, gishirin tekun yana jikinta.

Goggonki mai ƙaunarki,
Shafa'atu