Hoton da na saka ya kawo mini wata uwa har shago

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Omdurman, shagon mahaifinmu na gada, har da akwatunansa na tsofaffin hotuna da katunan gaisuwa, na garuruwan yankin Jazira, na tashar jirgin ƙasa, na jami'a. Ni kuma da ɗan banzan son a yaba mini, sai na riƙa saka su a Facebook. Kwanan baya na saka wani na farkon mulkin sojan nan, ɗalibai huɗu a gindin bishiya cikin jami'a suna dariya. Ɗaya daga ciki yayana ne, ban ma gaya masa ba.

Sai ga wata tsohuwa ta hawo mota tun daga garin Jabal Awliya, jikarta ce ta nuna mata hoton a waya. Ta ɗora yatsa kan na gefen hagu ta ce ɗanta ne, jami'an tsaro suka ɗauke shi a shekarar da aka ɗauki hoton, har yau shiru. Na ce zan wanke mata shi babba kyauta, ta ce fuskar ɗanta ba ta ɓace mata ba, sauran ukun take nema. Na ce mata zan bincika.

Da na sami Yaya kamar zai dake ni. Ya ce in goge hoton, tare aka kama su da ɗan tsohuwar, shi aka sako shi bayan ya sa hannu cewa ba zai taɓa buɗe baki ba, yanzu yana da aiki da 'ya'ya, so nake a dawo a ɗauke shi? Na ce tsohuwar fa? Ya ce ya san abin da ya faru da abokinsa, a gabansa aka yi.

Na goge hoton, amma tun ranar da ta zo tsohuwar ta ce za ta dawo. Ta ce, "Ɗana, ba ƙara zan kai ba. So nake in sani, in yi masa sadaka ko in ci gaba da jira."

Tsoro nake ji, kunya ma nake ji. In haɗa ta da Yaya ba da yardarsa ba? Ko in kalli idonta in ce ban san kowa a hoton ba?