Ki Ɗauke Akushin Kaka

Kwatano, 3 ga Maris 1994

Yaya Tahira,

Gaisuwa mai yawa. Ya azumi, ya ƙafar Baba? Tumatirin garkarmu ta Jiratawa ya nuna?

Ni lafiya lau. Tunda darajar kuɗin sefa ta karye, azumin ma rufin asiri ne. Ina aiki wurin wani mai sayar wa Turawa kayan da. Kayan da ina! Sabon sassaƙa muke turarawa da hayaƙi, mu shafe da man kaɗe.

To, bakin nan nawa ya jawo. Rannan maigidan nawa ya zage ni, na ce masa maƙaryaci, mu gidanmu akwai na gaske, akushin Kaka mai ɗinkin waya. Sai ya tambayi garinmu. Ni kuma sakarai na faɗa.

Bayan Sallah zai turo dillali da sababbin robobi a yi musanya. Kin san Baba da kunyar baƙo, ba ya iya cewa a'a.

Don Allah ki ɗauke akushin zuwa ɗakinki a Tibiri, ki zuba gero ciki kamar ba komai ba. In Baba ya yi faɗa, ki ce ni na sa. Zaginsa na saba da shi.

Ki aiko amsa ta hannun direban da ya kawo miki wannan wasiƙa, hankalina ba kwance yake ba.

Ƙanenki,
Shamsu