Hannun Yaya a Ƙasashe Goma Sha Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma taro da ƙungiyoyin ƙwadago na waje ta kwamfuta. Ƙasashe goma sha huɗu, kowa cikin ɗan akwatinsa a kan allo, murya na yankewa tana dawowa. Kukan ɗaya ne ko'ina: kasuwar duniya ta faɗi, masu saye sun janye, masana'antu sai rufewa suke. Kamfanin da ya rufe masaƙarmu ya rufe wasu a ƙasashe shida, yanzu kuma zai sayar da injinan a farfasa su a narka. Mun tsaya a kan abu ɗaya, mu taru mu matsa masa ya bar wa ma'aikata injinan su ci gaba da aiki da kansu.

Madam Agogo ce ke haɗa kanmu daga can waje. Mu muka sa mata sunan, don ba ta minti biyu ba ta dubi tsintsiyar hannunta ba. Ta ce rahotanni sun ishe ta, mutum take so. Kowace ƙasa ta kawo labarin ma'aikaci ɗaya da hotonsa kafin Juma'a. Shugaban ƙungiyarmu ya waigo ya dube ni, tunda ni ce mai rubuta wa ƙungiya labarai. Na ce an gama, kamar ina da wani a aljihu.

Laraba, 5 ga Maris

Mutum tara na tambaya. Duk sun ƙi. Wata tsohuwar masaƙiya ta ce in je in ɗauki hoton masu kamfanin, su suka yi abin kunya.

Ina dawowa na tarar da Yaya a ɗakin baya na ofishinmu, inda yake yini. Shekara ashirin da biyu yana gyaran inji a masaƙa, wata huɗu ke nan da sallamarsa, kuma har yau bai faɗa wa matarsa Anti ba. Kullum da safe ya sa shuɗiyar rigar aiki, ta miƙa masa kular abinci, ya fito kamar da. Nan yake zuwa ya gyara wa mata kekunan ɗinki kyauta har lokacin tashi ya yi. Ni kaɗai na sani a gidanmu. Ranar da ya faɗa min cewa ya yi, “Auta, ki riƙe min wannan, zuwa in sami wani abu.”

Yana duƙe kan wani keken ɗinki, na ɗauki hannuwansa a waya. Bai ɗago ba. Hoton ya yi kyau, abin haushin ke nan.

Juma'a, 7 ga Maris

Na tura.

Ƙa'idar aikinmu uku ce: a canja suna, kada fuska ta fito, mai labari ya sa hannu a takardar amincewa. Biyu na cika. Ta ukun ni na sa hannun, na ɗan karkata rubutun. Na rubuta komai, rigar, kular abincin, matar da ba ta sani ba. Na ce wa kaina can za a karanta shi, cikin harsunan da babu mai jin su a layinmu.

Shugaba ya karanta ya ce ina na samo wannan bawan Allah. Na ce sirrin aiki ne. Yaya na bayan bango yana buga guduma.

Talata, 11 ga Maris

Madam Agogo ta kira ni ni kaɗai, kuma ba ta duba agogo ba ko sau ɗaya. Ta ce mahaifinta ma haka ya yi lokacin da aka rufe inda yake aiki, tana yarinya. Labarina aka zaɓa ya shige gaba. Za a fassara shi, a buga hoton a manyan takardu, ranar ashirin ga wata kowace ƙungiya ta ɗaga shi a ƙofar ofishin kamfanin na ƙasarta.

In faɗi gaskiya tunda babu mai gani: na ji daɗi. Na shiga banɗaki na yi murmushi ni kaɗai. Sai da na fito na ga Yaya ya zuba min shayi ya rufe da murfin kula don kada ya huce, sannan daɗin ya gushe.

Asabar, 15 ga Maris

Na je gidansu da niyyar in faɗa masa. Na ci abinci, na yi wa 'yarsu kitso, na dawo.

Alhamis, 20 ga Maris

An yi gangamin. Ban taɓa tunanin kowace ƙasa har da tamu ba, ko kuma na yi na ture. Shugaba ya buga hoton guda hamsin bai faɗa min ba, wai zai ba ni mamaki. Ya ba ni.

Ga hannun Yaya ya fi ƙofa girma, a kan titi, a wayar kowa. Kuma sai a girman nan na ga abin da na saba gani har na daina gani: ƙaramin yatsansa na hagu da inji ya cinye rabi, da tabon ƙuna a gindin babban yatsa. Mu a ofis muna ganin in an ɓoye fuska an ɓoye mutum. Wa ya san bakanike da fuska? Duk wanda ya taɓa miƙa masa sifana ya gane shi. Kafin azahar tsofaffin abokan aikinsa sun fara kiransa suna jajanta masa.

Bai zo wurin ba. Da na koma ofis ɗakin baya a kulle, ya bar mukullin a kan teburina.

Juma'a, 21 ga Maris

Bai ɗaga waya ba. Sau bakwai.

Lahadi, 23 ga Maris

Anti ta zo da rana. Na shirya wa zagi, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta zauna bakin gado ba ta cire mayafi ba, ruwan da na kawo ma ba ta taɓa ba.

Na fara kame-kame, wai don injinan ne, wai mutum ɗari huɗu ne abin ya shafa. Ta bar ni na gama. Sai ta ce, “Ke kina tsammanin ban sani ba? Tun sati na biyu na sani. Ni nake wanke rigar nan. Ta daina warin man inji.”

Ta ce ta ci gaba da zuba masa abinci tana yi masa a dawo lafiya ne don shi kaɗai ya rage masa, fitar nan ta safe da mutuncinsa. Tana jira ya faɗa da bakinsa ranar da ya ga zai iya. Ɗinkin da ta ƙara karɓa ma cewa ta yi masa zaman banza ne ya ishe ta.

“Shi yana rufa min, ni ina rufa masa. Kin zo kin yaye mu gaba ɗaya.”

Tun ranar Alhamis bai fita ba. Rigar na rataye a bayan ƙofa. Ta ce abin da ya fi cin sa ba mutanen gari ba ne, inda na rubuta cewa matarsa ba ta sani ba. Yanzu duniya na ganin ya mayar da ita sakarya, ita kuma ba ta san ko ta faɗa masa ta sani ko ta yi shiru ba, kowanne ciwo ne.

Da ta tashi na raka ta bakin titi.

Laraba, 26 ga Maris

Kamfanin ya amince a zauna. A ƙasashe uku, har da tamu, za a bar injinan. Akwatunan nan goma sha huɗu na kan allo duk tafi suke, wani ma yana kuka. Madam Agogo ta ce hannun nan ne ya yi aikin.

Abin da ke hana ni sakat ke nan. Ya yi aikin. Da bai yi ba da na san sunan abin da na aikata, in tuba in huta.

Bayan taro na faɗa wa Shugaba ni na sa hannu a takardar. Ya ce shi ma ai ya gane yatsan tun ranar farko, bai dai so ya tambayi wanda ya sa hannun ba. Wannan bai rage min komai ba, mun zama mu biyu ne kawai.

Litinin, 7 ga Afrilu

An buɗe mana masaƙa yau. Ƙura ko'ina, injinan wata biyar ba su motsa ba. Ma'aikata suka ce babu mai taɓa su sai Yaya, suka je har gida suka ɗauko shi. Ya zo da tsohuwar riga ta gida, ba shuɗiyar ba. Anti ce ta kawo kular da kanta da rana, ta ajiye ta a gaban kowa.

Madam Agogo ta aiko saƙo tun safe, tana son hoto na biyu, hannun nan ya koma bakin aiki. Ta ce duniya na jira. Ta yi gaskiya, kuma hasken da ke shigowa ta tagogin sama ya yi daidai.

Na tsaya bayansa waya a hannu, ban san iya daɗewar ba. Yana kwance ƙarƙashin inji na uku. Kwana goma sha takwas bai yi min magana ba. Bai juyo ba ya ce, “Auta, in ba abin da kike yi, riƙe min fitilar nan.”

Na sa wayar a jaka. Awa biyu ina haska masa, hannuna har ya sage. Bai ƙara cewa komai ba sai ɗaga sama, yi ƙasa. Ban ce ya yafe min ba, ban ma sani ba ko zai yi.

Na rubuta wa Madam Agogo cewa babu hoto. Ta tambayi dalili, na ce hannuna ba shi da sarari. Har yanzu man bai fita daga farcena ba, na wanke sau uku.